Irving Langmuir: Mutumin Da Ya Raɗa Wa Filasma Suna

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya raba mana wata takarda mai ɗauke da jimlolin kimiyya 12, ya ce mu mayar da su Hausa. A jimla ta bakwai akwai kalmar filasma. Ni kuwa da ma na taɓa raka gwaggona asibiti inda na ji ana ambatonta, saboda haka ban tsaya dogon tunani ba na rubuta ruwan jini. Da takardata ta dawo sai na tarar jan biro ya kewaye wurin da alamar tambaya har uku. Ashe jimlar tana magana ne a kan abin da ke cikin rana da taurari, ni kuma na cika rana da ruwan jini. 'Yan aji suka yi ta dariya, har wani ya ce gara ma da na rubuta talabijin, tunda a gidajenmu duk talabijin ta bango filasma ake ce mata.

Abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya kalma ɗaya ta hau jini, ta hau rana, ta kuma hau talabijin? Wani abokina da muke ɗaki ɗaya, ɗalibi a sashen fiziks, shi ne ya ce mini in nemi tarihin Irving Langmuir. Na nema, na kuma ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗaliban harshe abin da na samu, domin kuwa mutumin nan, ban da kasancewarsa masanin kimiyya, gwani ne wajen raɗa suna.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Irving Langmuir ranar 31 ga Janairu, 1881, a Brooklyn da ke birnin Niyok a ƙasar Amurka. Shi ne na uku cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa Charles ma'aikacin kamfanin inshora ne, har ma aikin ya kai iyalin birnin Faris suka zauna na 'yan shekaru lokacin da Irving yake yaro. Yayansa Arthur masanin haɗa sinadarai ne, shi ne kuma ya riƙa amsa masa tambayoyin da ba sa ƙarewa, ya taimaka masa ya kafa ɗan wurin gwaje-gwaje a lungun ɗakinsa. Har ya kai shekara 11 idanunsa ba sa gani sosai. Da aka yi masa tabarau sai ya fara ganin ƙananan abubuwan da a da suke ɓace masa, kuma ni dai a ganina daga nan bai sake daina ƙura wa ƙananan abubuwa ido ba.

Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Columbia a shekarar 1903, a fannin injiniyan sarrafa ƙarafa. Daga nan ya wuce Jamus, Jami'ar Göttingen, inda ya yi digirin digirgir a hannun Walther Nernst, ya gama a 1906. Bincikensa a can shi ne yadda iskoki iri-iri ke wargajewa idan suka taɓa wata waya da ta yi jajir don zafi. A lokacin ba wanda ya ɗauki aikin da wani muhimmanci. Ya dawo gida ya kama koyarwa a kwalejin Stevens da ke Hoboken, ya yi shekara uku yana fama da aji da gyaran takardun jarrabawa, babu lokacin bincike.

Baƙin Ƙwan Fitila

A hutun bazara na 1909 ya je ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke garin Schenectady da niyyar yin 'yan makonni. Bai bar wurin ba sai da ya yi ritaya a 1950. Shugaban ɗakin binciken, Willis Whitney, mutum ne mai sakar wa ma'aikaci mara, ya ƙyale shi ya zaɓi abin da yake so ya bincika.

Matsalar kamfanin a lokacin ita ce ƙwan fitilar lantarki. William Coolidge ya riga ya gano yadda ake jan ƙarfen tangistin ya zama siririn zare, amma idan ƙwan ya daɗe yana ci sai gilashinsa ya yi baƙi daga ciki, haske ya dushe, zaren ya tsinke. Kusan kowa ya ɗauka cewa laifin 'yar iskar da ta rage a ciki ne, don haka ake ta ƙoƙarin zuƙe ta ƙarƙaf. Langmuir sai ya bi ta bayan gida. Tunda ba zai iya zuƙe iskar fiye da yadda ake yi ba, sai ya riƙa zuba iskoki daban-daban da gangan yana kallon abin da kowace za ta yi. Ya shafe kusan shekara uku a kan haka. Abin da ya gano shi ne, zaren ne da kansa ke yin tururi saboda tsananin zafi, tururin ya je ya manne a gilashi. Idan aka cika ƙwan da iskar da ba ta cin ƙarfe, kamar naitirojin ko agon, tururin ba ya samun hanyar gudu da sauƙi. Sai dai iskar tana satar zafi, shi kuma ya magance wannan da murɗe zaren kamar sifirin. A 1913 aka sami ƙwai mai iska a ciki, mai haske fiye da na da. Duk wanda ya yi karatun dare da tsohon ƙwan nan mai jan haske kafin zuwan fararen fitilun yanzu, a ƙarƙashin aikin Langmuir ya zauna.

A 1912 ya auri Marion Mersereau, suka ɗauki riƙon yara biyu, Kenneth da Barbara. Mutum ne mai son hawan dutse da gudun ƙanƙara, daga baya ma ya koyi tuƙin jirgin sama.

Yadda Sunan Ya Samu

Yanzu na zo inda jan biro ya kama ni. Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya mai nauyi mai cajin fozitif, da waɗansu ƙananan abubuwa marasa nauyi masu cajin negetif da ake kira ilektiron. Fozitif da negetif ɗin nan dai su ne muke gani a jikin batir, kuma kullum suna jan juna. Idan aka gasa iska ƙwarai, ko aka bi ta cikinta da wutar lantarki mai ƙarfi, sai ilektiron su ɓalle daga ƙwayoyinsu su shiga yawo. Ƙwayar da ta rasa ilektiron ita ake kira ayon. Wannan gauraye na ilektiron da ayon shi ne abin da ke cikin rana, da walƙiya, da doguwar fitilar nan fara ta azuzuwanmu idan tana ci.

A cikin shekarun 1920 Langmuir ya duƙufa kan irin wannan iska mai haske a cikin bututun gilashi. Shi da Harold Mott-Smith suka ƙirƙiro dabarar zura 'yar waya a ciki don auna yawan ilektiron da zafinsu, har gobe kuma sunansa ake kiran wannan waya da shi. Ya lura cewa gaurayen ya kasu biyu. A jikin bangon gilashi da jikin ƙarfe akwai wani siririn rufi inda caji ɗaya ya rinjayi ɗaya. Wannan ya kira shi da kalmar Turanci mai ma'anar kube, irin na takobi. Amma babban ɓangaren da ke tsakiya, inda fozitif da negetif suka yi kunnen doki, ba shi da suna.

Abokin aikinsa Lewi Tonks ya ba da labari daga baya cewa Langmuir ya shigo ofishinsa wata rana yana neman kalma, shi kuma ya ce zai yi tunani. Washegari, kafin Tonks ya samo komai, sai ga Langmuir ya dawo da kalmar filasma. Mott-Smith kuwa ya bayyana dalilin: yadda wannan iska ke ɗauke da ilektiron masu gudu da ayon da sauran tarkace ya tuna wa Langmuir yadda ruwan jini ke ɗauke da jajayen ƙwayoyi da farare. Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta abin da aka ƙera ko aka mulmula, likitoci kuma sun riga sun daɗe suna amfani da ita. Ta fito a rubuce da sabuwar ma'anarta a wata maƙala tasa ta 1928. Mott-Smith ya ce sun daɗe suna samun wasiƙu daga mujallun likitoci masu neman kwafin aikinsu, a zatonsu maganar jini ake yi. Da na karanta wannan sai na ji sanyi a raina, ashe ba ni ne farkon wanda ya faɗa ramin ba.

Mai karatu zai lura cewa Langmuir bai ƙago sabon sauti ba. Aron kalma ya yi daga wani fanni ya faɗaɗa ma'anarta, kamar yadda Bahaushe ya ɗauki jirgi na ruwa ya ba na ƙasa da na sama, ko ya ɗauki ƙwai na kaza ya ba fitila.

Lilon Ilektiron

Maƙalar ta 1928, da wadda suka rubuta tare da Tonks a 1929, a kan wata ɗabi'a ce ta filasma wadda ni na fi so in kira lilo. Ayon masu nauyi ne ƙwarai. Mafi sauƙinsu ma, wato na haidirojin, ya fi ilektiron nauyi kusan sau 1,836. Saboda haka idan wani abu ya ture tarin ilektiron gefe guda, ayon ba sa motsi. Suna nan a wurinsu da cajinsu na fozitif, sai su jawo ilektiron ɗin su dawo. Su kuwa ilektiron da gudu suke dawowa, sai su zarce, a sake jawo su, su sake zarcewa, kamar yaro a kan lilo.

Abin mamakin shi ne saurin wannan lilo ya dogara ne kacokan a kan cunkoson ilektiron. Ga lissafin a sauƙaƙe. A ƙirga ilektiron da ke cikin ɗan wuri mai santimita 1 ta kowane ɓangare, wato abin da bai kai dunƙulen magi ba. A nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi, sannan a ninka ta sau 9,000. Amsar ita ce yawan kai da komo a daƙiƙa ɗaya. Alal misali, idan ilektiron 1,000,000 ne, lambar da ake nema ita ce 1,000, amsa kuma 9,000,000.

Ban zaɓi wannan misali haka kawai ba. Can sama da mu, wajen kilomita 200 zuwa 400, hasken rana ya mayar da iska filasma, kuma cunkosonta da rana yakan kai kusan wannan adadi. Saƙon rediyon da saurin kaɗawarsa bai kai na lilon ba, ba ya iya ratsa ta, sai ya dawo ƙasa can nesa. Da haka ne iyayenmu suka riƙa kama London da sauran tashoshi a gajeren zango. Shi ya sa kuma tashoshin ke sauya mita tsakanin safe da dare, domin idan rana ta faɗi cunkoson yakan ragu. Tashoshin FM kuwa, masu kaɗawa sau miliyan 88 zuwa 108 a daƙiƙa, saƙonsu ratsawa yake ya wuce abinsa.

Ba don filasma aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1932 ba. An ba shi ne a fannin kemistiri saboda bincikensa a kan abin da ke faruwa a fuskar abubuwa, kamar yadda ɗigon mai ke bazuwa a kan ruwa har kaurinsa ya zama na ƙwaya ɗaya tak. A wannan aiki ba a raba sunansa da na Katharine Blodgett, mace ta farko da ta sami digirin digirgir a fiziks daga Jami'ar Cambridge, a 1926.

Inda Gwani Ya Yi Tuntuɓe

Langmuir ya shahara wajen ƙaryata da'awar da ba ta da tushe. An daɗe ana bugawa a littattafai cewa akwai wani ƙuda mai gudun fiye da mil 800 a awa. A 1938 ya ɗaura ɗan gutsuren dalma mai girman ƙudan a zare ya riƙa wulwula shi, ya nuna cewa tun kafin a je ko kusa da wannan gudu ido ba zai ma ga komai ba, ya ƙiyasta gudun ƙudan a mil 25. A watan Disamba na 1953 kuma ya yi wata lacca da ta yi suna a kan abin da ya kira kimiyya mai cuta, wato yadda masani mai gaskiya ke yaudarar kansa: sakamakon da da ƙyar ake ganinsa, da'awar daidaito na ban mamaki, da kuma shirya uzuri nan take ga duk mai suka.

To amma a daidai waɗannan shekaru shi ma yana cikin tasa rigimar. A 1946 mataimakinsa Vincent Schaefer, wanda bai ko gama sakandare ba, ya gano cewa busasshiyar ƙanƙara tana sa gajimare mai sanyi ya zama dusar ƙanƙara, Bernard Vonnegut kuma ya gano cewa wani sinadarin azurfa da ayodin yana yin haka. Binciken gaskiya ne, kuma har yau ana amfani da dabarar, ko da yake ƙarin ruwan da take kawowa kaɗan ne kuma sai yanayi ya dace. Sai dai Langmuir ya kai abin nesa. A watan Oktoba na 1947 jiragen soja suka zuba busasshiyar ƙanƙara a kan wata guguwar teku da ta nufi tsakiyar Atlantika, sai guguwar ta juyo ta afka wa gaɓar jihar Georgia kusa da Savannah. Langmuir ya tsaya kai da fata cewa su ne suka juya ta, alhali masana yanayi sun nuna cewa ta riga ta fara juyawa kafin a taɓa ta. Daga baya ya ce hayaƙin da yake saki sau ɗaya a mako a jihar New Mexico shi ke tsara saukar ruwa a jihohin da ke can gabas mai nisa. Hukumar yanayi ta ƙasar ba ta yarda ba, tarihi ma bai goyi bayansa ba. Ni dai idan na jera alamomin da ya lissafa a laccarsa kusa da wannan da'awa tasa, sai in ga kamar gwani ya ɗinka riga ya manta bai gwada a jikinsa ba.

Ya mutu ranar 16 ga Agusta, 1957, a Woods Hole da ke jihar Massachusetts, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 76.

Hasken Da Bai Gani Ba

Akwai wata ƙa'ida a fiziks: duk lokacin da ilektiron mai gudu ya karkata daga miƙaƙƙiyar hanya, sai ya zubar da wani ɓangare na ƙarfinsa a matsayin haske. A ɗakin binciken su Langmuir ne ma aka fara ganin irin wannan haske da ido daga injin ingiza ilektiron, a watan Afrilu na 1947. Daga baya ƙasashe suka gina manyan injuna musamman don samar da shi a matsayin eksire mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Na birnin Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne.

A 1979, shekara 22 bayan mutuwar Langmuir, Toshiki Tajima da John Dawson suka kawo shawarar a sa lilon filasma ya yi aikin ingizawar. Idan aka harba ɗan guntun hasken lesa mai tsananin ƙarfi cikin filasma, yakan ture ilektiron gefe ya bar igiya a bayansa, kamar yadda kwalekwale mai inji ke barin igiyar ruwa. A nan cunkoson ilektiron yakan kai biliyan 10 sau biliyan a ɗan wurin nan da bai kai magi ba. Idan mai karatu ya bi lissafin da na kawo a baya zai sami kai da komo kusan tiriliyan 30 a daƙiƙa. Ilektiron da suka hau wannan igiya sukan sami turi da ya ninka na injunan ƙarfe kamar sau 1,000 a tazara iri ɗaya.

A bayan lesar kuwa akan sami wani siririn kwararo wanda babu kowa a ciki sai ayon. Tarin ilektiron masu gudu kusa da gudun haske suna bi ta cikinsa, kuma duk wanda ya kauce daga tsakiya sai cajin ayon ya jawo shi, ya zarce zuwa ɗaya gefen, a sake jawo shi. Gaba yake yi amma tafiyar maciji yake. Kowace lanƙwasa tana fitar da haske, kuma saboda tsananin gudun, hasken yakan tattaru ya nufi gaba a matsayin eksire. Saurin wannan lanƙwasa daga lambar Langmuir da Tonks ake lissafa shi, sai dai yana raguwa gwargwadon ƙarfin da ilektiron ya tara. Ana kiran hasken da sunan betatiron, wani inji da Donald Kerst ya ƙera a Jami'ar Illinois a 1940, inda aka fara nazarin irin wannan kai da komo. Beta kuwa harafi na biyu ne a abacadar Girkanci.

An ga wannan eksire a cibiyar SLAC ta Kalifoniya a 2002, inda tarin ilektiron ne da kansa ya buɗa kwararon a cikin filasma. A 2004 kuma Antoine Rousse da abokan aikinsa suka samar da shi da lesa a wani ɗakin bincike kusa da Faris, a cikin iskar da tsawonta 'yan milimita ne. Walƙiyarsa gajera ce ƙwarai: a raba daƙiƙa gida miliyan, a sake raba kashi ɗaya gida biliyan, to 'yan irin waɗannan gutsattsari ne tsawonta. Mafitarsa kuma ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, shi ya sa hotonsa ke fitar da gefen abubuwa masu taushi waɗanda eksiren asibiti ke wucewa bai gani ba. An ɗauki hoton ƙwari da ƙashi da tsoka da shi a ɗakunan bincike. Kada dai mai karatu ya zaci gobe zai tarar da shi a asibitin garinsu, domin ita lesar kanta takan cika ɗaki guda.

Da malam ya ba mu damar gyara, na bar wa jini ruwan jininsa, na bar wa rana filasma. Rufin bango na kira shi kube, kai da komon na kira shi lilo, hanyar ayon kuma kwararo. Malam ya karɓi ukun farko. A kan kwararo ne aji ya rabu biyu, domin waɗansu sun ce kwararo tsayayye ne a tsakanin gidaje, wannan kuwa tafe yake yana bin lesa, yana buɗewa a gaba yana rufewa a baya. Wata 'yar ajinmu ta kawo kumfa, wani ya kawo zirin hanya, har aka tashi ba a tsayar da ɗaya ba.